Littattafan Da Na Fi So

Ran da aka kawo ni makarantar nan, kewar gida ta hana ni barci, har na yi niyyar gudu. Sai wani ɗan aji biyar ya ara mini Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam. Yadda aku ya riƙa tsare Musa ɗan sarki da labarai har gari ya waye, haka littafin nan ya tsare ni.

Daga nan na kama Ruwan Bagaja, wanda Imam ya rubuta don gasar 1933. Rigimar Alhaji da Malam Zurƙe ta sa na yi dariya har da hawaye. Amma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ya fi ratsa ni, saboda wahalar da uwar Umar ta sha wajen neman ɗanta.

A da, babana yakan ce karatun labarai shiririta ne. Da hutu na karanta masa Shaihu Umar, ya yi shiru, sa'an nan ya ce in ci gaba.

Ya ku iyayenmu, ku saurara kafin ku hana. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.