Sankarar Hanta da ta Fi Ƙarfin Tiyata: Hanyoyin da Ake Gwadawa

Sankarar hanta takan yi girma a ɓoye, har sai ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, jiki ya rame, kafin a kai majinyaci asibiti. A wannan mataki sau da yawa likita ba ya iya yanke ƙarin, ko don ya kama manyan jijiyoyin jini, ko don hantar ta riga ta ƙandare, ta yadda abin da zai rage bayan tiyata ba zai riƙe rai ba. Wannan ne ya sa masana suka duƙufa neman hanyoyin kashe ƙari ba tare da wuƙa ba.

Hanya ta farko ta dogara ne ga yadda jini ke shiga hanta, domin lafiyayyar hanta tana samun mafi yawan jininta daga jijiyar da ta taso daga hanji, shi kuwa ƙari yana sha ne daga wadda ke kawo jini daga zuciya. Saboda haka likita kan zura siririn bututu ta jijiyar cinya har ya isa bakin ƙarin, ya ɗura magani, sa'an nan ya toshe hanyar da ƙananan ƙwayoyi, ƙarin ya rasa abinci.

Hanya ta biyu ita ce ta magunguna. A shekarar 2007 aka amince da sorafenib, bayan gwaji ya nuna matsakaicin kwanan waɗanda suka sha shi wata 10.7 ne, na waɗanda ba su sha ba kuwa wata 7.9. A 2020 Amurka ta amince da haɗin atezolizumab da bevacizumab, na farko yana farkar da garkuwar jiki ta gane ƙari, na biyu yana hana shi tsirar da sababbin jijiyoyi, kuma wannan haɗi ya kai matsakaicin zuwa wata 19.2. Abin da ake gwadawa yanzu shi ne gama waɗannan magunguna da toshe jijiya, da fatan ƙarin ya ragu har tiyata ta yiwu, da kuma ɗibar ƙwayoyin garkuwar majinyaci a horar da su a ɗakin bincike, a mayar masa. Akwai kuma na'urar da aka ƙirƙiro a Jami'ar Mishigan, mai narkar da ƙari da ƙarfin sauti, wadda aka amince da ita a 2023.

Wajibi ne mai karatu ya lura cewa alƙaluman nan suna magana ne a kan ƙarin watanni, kuma maganin gwaji shi ne wanda ba a gama tabbatar da amfaninsa da illarsa ba. Gwaji na gaskiya yana da izinin kwamitin kula da ɗa'ar bincike, ana bayyana wa majinyaci haɗarinsa da harshen da yake ji, kuma yana da ikon janyewa duk lokacin da ya so. Wanda ya yi alkawarin waraka tabbatacciya ya nemi kuɗi, a guje shi.

A ƙasar Hausa manyan musabbaban cutar su ne ciwon hanta nau'in B, da gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan an adana su da danshi. Don haka a yi wa jariri allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B a ranar haihuwa, a busar da amfanin gona sosai kafin a kai shi rumbu, mai ɗauke da ƙwayar ciwon hantar kuma ya nemi likita ya tsara masa hoton ciki duk wata 6, domin a gano ƙari tun tiyata tana da amfani.