Yaushe Ya Dace a Nemi Binciken Likita Mai Zaman Kansa?

Malam Habu daga Kano ya rubuto mana yana cewa: "Inji ya murƙushe mini hannu a wurin aiki. Likitan kamfanin inshora ya ce na warke, alhali ko buta ba na iya ɗauka. Shin in nemi wani likita ya duba ni?"

Allah Ya ƙara sauƙi, Malam Habu. Lallai irin halin da kake ciki ne ya fi dacewa da binciken likita mai zaman kansa, wato likitan da ba ya cin albashin kamfanin. Rahotonsa yakan yi amfani idan saɓanin a kan jikinka yake: an ce ka warke, hannu kuma bai koma aiki ba. Idan kuwa rigimar ta takardu ce, ko raunin ƙarami ne da ya riga ya warke, kuɗinka kawai za ka kashe.

Nemi ƙwararren likitan ƙashi, kamar na Asibitin Ƙashi na Dala. Tafi da hotunan ƙashin da duk takardun asibiti. Roƙe shi ya rubuta a fili abin da hannun ke iya yi da wanda ba ya iyawa, da ko nakasar ta dindindin ce, domin da wannan ake auna diyya.

A Najeriya, hukumar NSITF ke biyan diyyar raunin aiki, bisa wata doka ta shekarar 2010. Kada ka sa hannu a takardar karɓar diyya kafin rahoton likita mai zaman kansa ya shigo hannunka.