Darasin Kimiyya: Motar Tsere Mai Riga Biyu

A ƙasashen Turai akwai wani tseren motoci da ake kira Grand Prix, watau babban tsere. Kowace shekara akan yi shi a ƙasashe dabam-dabam, a tara makin direbobi, wanda ya fi maki shi ne zakaran duniya. Ga labarin wata mota da ta yi suna a wannan tsere, domin akwai darasi a cikinsa ga mai koyar da kimiyya.

Sunan motar Mercedes-Benz W196, a Jamus aka ƙera ta. Babban injiniyan da ya lura da aikin shi ne Rudolf Uhlenhaut. Dokar tsere ta 1954 ta ce girman inji kada ya wuce lita biyu da rabi. To, tun da ba dama a ƙara girma, sai a ƙara dabara.

Injinta mai silinda takwas ne, a jere. Aka kishingiɗar da shi gefe guda don gaban motar ya yi ƙasa. Ba ta da kafireto; famfo ne ke fesa mai cikin silinda kai tsaye, dabarar da Jamusawa suka koya wajen ƙera injin jirgin sama. Har wa yau, a sauran motoci sifirin ne ke rufe bawul, amma in inji ya yi sauri ainun sifirin yakan kasa. A wannan mota ƙarfe ne ke buɗe bawul, wani ƙarfen ya rufe shi. Ƙarfinta ya kai na doki 257 a 1954, ya hau wajen 290 a 1955.

Sai maganar riga, watau bodi. Duk wanda ya taɓa miƙa hannu ta tagar lori tana gudu ya san iska tana tura hannun baya. Ya kuma san in ya kwantar da tafin hannun, turin yakan ragu. Saboda haka aka yi wa motar riga sumul wadda ta rufe har tayoyi, don iska ta zame ta wuce.

Ran 4 ga Yuli 1954 ta fara fita, a Reims ta ƙasar Faransa, inda hanya ke da dogayen miƙe. Juan Manuel Fangio, mutumin Ajantina, ya zo na ɗaya, Karl Kling na biyu, dukansu a irin wannan mota. Mutane suka ce ai ba mai kama ta.

Bayan mako biyu aka je Silverstone a Ingila. Can hanyar kwana-kwana ce, an jera gangunan mai a gefenta don nuna iyaka. Direban tsere kuwa da tayar gaba yake auna kwana. Ga riga ta rufe taya, Fangio bai ganinta. Ya yi ta bugun ganguna har gaban motar ya lotse, da ƙyar ya zo na huɗu. Motar Ferrari ce ta ci.

Injiniyoyin ba su tsaya gardama ba. Kafin tseren Jamus na ran 1 ga Agusta sun shirya wata riga wadda ta bar tayoyi a fili. Iska ta fi tare wannan, amma direba yana ganin inda zai sa ƙafar motarsa. Fangio ya ci a Nürburgring, hanya mai tsawon wajen mil 14, cike da kwana. Daga nan sai hanya ta zama ita ke zaɓen riga: rufaffiya a wurin gudu kamar Monza ta Italiya, buɗaɗɗiya a wurin kwana.

Cikin shekara biyu motar ta shiga tseren zakaran duniya 12, ta ci 9. Fangio ya ci takwas, Stirling Moss Baturen Ingila ya ci ɗaya, a Aintree cikin 1955, ranar da motocin Mercedes suka kwashe na ɗaya har na huɗu. Fangio ya zama zakara a 1954 da 1955.

Amma ƙarshen bai yi daɗi ba. Ran 11 ga Yuni 1955, a tseren Le Mans, wata ƙanwarta mai suna 300 SLR ta yi karo, ta tarwatse cikin 'yan kallo, mutum fiye da 80 suka hallaka. A ƙarshen shekarar kamfanin ya janye daga tsere, W196 ba ta sake fita ba.

In za ku koyar da wannan, kada ku fara da sunayen Turai. Ku ba yaro faifai ya ruga da shi a tsaye, sa'an nan a kwance, ya faɗi da bakinsa abin da ya ji. Bayan haka ku ba da labarin.

Tambayoyi

1. Don me aka kishingiɗar da injin?
2. Me ya sa rigar da ta yi amfani a Reims ta zama cikas a Silverstone?
3. Kawo abu biyu da aka yi wa siffa don su ratsa iska ko ruwa.