Jarrabawar Japananci: Shawara ga mai shiri daga Kontagora

Wani ƙanenmu daga Kontagora ya aiko da tambaya. Ya ce ya daɗe yana koyon Japananci a wayarsa, ya iya gaisuwa, yana tsintar kalmomi a finafinan zane na Japan, yanzu kuma yana son takardar shaida. Wace jarrabawa zai zauna, kuma yaya zai shirya mata alhali bai san malamin harshen ko ɗaya a garin ba? Tambayar ta faranta mini rai. Garin da makanikai ke wuni a ƙarƙashin Toyota, janareton Honda da Yamaha na ruri a bakin shaguna, ya kamata a ce ya samu 'ya'yan da ke jin harshen masu ƙera waɗannan kaya.

Ƙanena, jarrabawar da duniya ta sani ita ce JLPT. An fara ta a 1984. Hukumar Japan Foundation ce ke kula da ita a ƙasashen waje tare da cibiyoyin da ke karɓar baƙuncinta. Tun 2010 matakanta biyar ne, daga N5 mafi sauƙi zuwa N1 mafi tsauri. Ana yin ta ranar Lahadin farko ta watan Yuli da Lahadin farko ta Disamba, sai dai wasu cibiyoyi na ƙasashen waje sau ɗaya kawai suke yi a shekara. Takardar ba ta da wa'adin ƙarewa, ko da yake wata makaranta ko kamfani na iya cewa sai ta kwanan nan.

Kafin ka kashe ko kwabo, zauna ka tambayi kanka abin da kake so da takardar, domin amsar ita za ta nuna maka mataki. N5 shaida ce cewa ka kama hanya, ba ta kai ka ga aiki. N4 ita ce ake nema a tsarin bizar ma'aikata masu sana'a da Japan ta buɗe a watan Afrilun 2019, shi ma sai an haɗa da jarrabawar sana'ar da kamfanin da ya yarda zai ɗauke ka. Aikin ofis a kamfanin Japan galibi N2 ake tambaya. Likitan da ya yi karatu a waje kuma yake son zaman jarrabawar lasisi a Japan, N1 ake bukata daga gare shi. In kuwa karatu ne burinka, akwai tallafin gwamnatin Japan na MEXT da ake nema ta ofishin jakadancinta a Abuja, da shirin ABE na hukumar JICA da aka ƙaddamar a 2013 don matasan Afirka masu son digiri na biyu. Cikin kwasakwasan digiri na biyu da ke ƙarƙashin waɗannan akwai na Turanci, amma wanda ya zo da shaidar harshe a hannu ya nuna da gaske yake.

A nan zan ja maka kunne. A watan Agustan 2025, lokacin taron TICAD na Japan da ƙasashen Afirka a Yokohama, JICA ta haɗa birnin Kisarazu da Nijeriya a wani shirin zumunci. Nan take labari ya bazu cewa an buɗe wa 'yan Nijeriya biza ta musamman. Gwamnatin Japan ta fito ta ƙaryata, a watan Satumba kuma aka soke shirin baki ɗaya. Irin wannan ƙura ce 'yan damfara ke so. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi zai samo maka takardar JLPT ba tare da ka zauna ba, ko zai haɗa maka ita da biza, ɓarawo ne, ko da ɗan unguwarku ne. Takardar jarrabawa daban, biza daban.

Yanzu ga inda masu koyo su kaɗai suke faɗuwa, kuma shi ne zuciyar wannan shawara. Makin jarrabawar 180 ne a kowane mataki. N5 ana cinta da 80, N4 da 90, N3 da 95, N2 da 90, N1 da 100. Mutum ya ga 80 cikin 180 sai ya ce ai wannan ko rabi bai kai ba. Abin da bai lura da shi ba shi ne kowane sashe yana da nasa ƙaramin makin da dole a kai. A N5 da N4, sashen kalmomi da nahawu da karatu makinsa 120 ne, sai ka samu aƙalla 38. Sashen sauraro makinsa 60, sai ka samu aƙalla 19. Ko ka cinye sashen karatu tas, in saurarenka ya tsaya a 18, ka faɗi. Kuma sau ɗaya ake kunna muryar. Babu maimaici, babu ɗaga hannu a ce malam a sake.

Wanda ke koyo a Kontagora da littafi da waya, idonsa ne ke ƙwarewa, kunnensa na zaune. Yana ganin kalma a rubuce ya gane ta, amma in mace da namiji suka yi musayar magana uku a lasifika kan wane jirgin ƙasa za a hau da ƙarfe nawa, sai ya nemi zaren ya rasa. Saboda haka tun daga makon farko ka ware wa kunne rabin lokacinka. Sauke muryoyin darussa a waya, ka sa abin sauraro a kunne, ka ji jimla, ka tsayar, ka maimaita ta da bakinka da irin saurin mai maganar. Kada ka kalli rubutun sai ka saurara sau biyu ko uku. Finafinan zane suna da daɗi, suna kuma saba wa kunne da sautin harshen, amma maganar jaruman cikinsu sau da yawa ta gatsali ce, ba irin wadda ake yi wa malami ko mai shago ba. Jarrabawa kuwa maganar ladabi ta yau da kullum take kawowa.

Bahaushe na da wata riba a nan da Bature ba shi da ita. Wasulan Japananci biyar ne, a, i, u, e, o, kamar namu, kuma jan wasali yana canza ma'ana: obasan gwaggo ce ko inna, obaasan kaka ce. Suna ninka baƙi kamar yadda muke bambanta daba da dabba: kite daban, kitte daban. Har hawa da saukar murya suna raba kalmomi, irin su ame na ruwan sama da ame na alewa. Kunnenka ya saba da duk wannan tun kana goye. Abin da zai ba ka wuya shi ne tsarin jimla, domin aikatau a ƙarshe yake zuwa, kuma korewa a jikinsa take. Sai ka jira ƙarshen magana kafin ka san an yi abu ko ba a yi ba. Masu shirya tambayoyin sauraro sun san haka sarai, shi ya sa amsar gaskiya takan ɓuya a kalmar ƙarshe.

Sai rubutu. Haruffan hiragana 46, na katakana 46, waɗannan ka gama da su a wata guda, kuma daga ranar ka daina karanta Japananci da haruffan boko, don a takardar jarrabawa ba za ka gan su ba. Kanji, wato alamomin da ke ɗauke da ma'ana, su ne doguwar tafiya. Waɗanda gwamnatin Japan ta tsara don amfanin yau da kullum 2,136 ne, amma kada adadin ya karya maka gwiwa: mai N5 kimanin ɗari yake bukata, mai N4 kimanin ɗari uku. Ka tuna makarantar allo. A rubuta kaɗan, a biya har ya zauna, a wanke, a ƙara, sannan a riƙa komawa baya ana tilawa don kada na jiya ya zube. Kanji uku a rana, kowanne a cikin kalma da jimla, da bitar na baya kullum bayan sallar Asuba kafin gari ya ɗau zafi da hayaniya, ya fi talatin a daren Asabar. Manhajar Anki kyauta ce a wayar Android, tana tuna maka abin da ya kamata ka maimaita, kuma tana aiki ba tare da data ba. Jarrabawar ba ta neman ka rubuta kanji da hannu, zaɓi ne cikin amsoshi, amma ni dai ina ganin abin da hannu ya zana ya fi zama a ka.

Littafi ɗaya ka riƙe ka kai shi ƙarshe. Genki ko Minna no Nihongo, kowannensu juzu'i na farko zai kai ka kusan N5, na biyu kusan N4. In kuɗi ya yi wuya, Japan Foundation ta saki Irodori kyauta a intanet, da littafin da muryoyinsa, tana kuma da dandalin koyo mai suna Minato. Ranar da aka kawo wuta kuma sabis ya yi ƙarfi, sauke komai gaba ɗaya, ka kai shagon kwamfuta a buga maka darussa goma na farko a takarda. Takarda ba ta jiran caji.

Wane wata? In gidanku manoma ne, Yuli ba naka ba ne. Damina ta kankama, ana noman masara, jiki a gajiye, hanya kuma ta lalace. Disamba ya fi dacewa, an yi kaka, akwai ɗan abin tafiya a aljihu. Sai dai rajista takan rufe watanni kafin ranar: ta Disamba wajen Agusta zuwa Satumba, ta Yuli wajen Maris zuwa Afrilu. Jerin biranen da ake jarrabawar da watan da kowanne ke yi yana shafin hukumar JLPT, ana sabunta shi, saboda haka can za ka duba da kanka, ka kuma bi sanarwar ofishin jakadancin Japan a Abuja don sanin cibiya mafi kusa, kuɗin rajista da ranar rufewa. Kada ka biya ta hannun kowa. In tafiyar za ta kai ka tsallaken iyaka, fasfo ya zama a hannu tun kafin rajista. Sunan da ka rubuta kuma ya zo daidai da na katin shaidarka, harafi da harafi, domin shi za a buga a takardar.

Jarrabawar Lahadi ce, to ka bar Kontagora tun Juma'a ko sanyin safiyar Asabar. Wanda ya san hanyar Tegina zuwa Minna ya san ba a yi mata alkawarin lokaci, ba a kuma bin ta da dare. Ka kwana kusa da wurin, ka je ka ga ƙofar da idonka tun jajibere. Ka riƙe takardar shiga, katin shaida mai hoto, fensir HB biyu ko uku, abin goge fensir, da agogon hannu marar ƙara. Waya a kashe ta ɗungurungum, don ƙararta kaɗai na iya jawo a soke maka jarrabawa. A N5 minti 20 ne na kalmomi, 40 na nahawu da karatu, 30 na sauraro, lokacin kuma gudu yake. Tambayar da ta cije, zaɓi ɗaya ka wuce, ba a rage maki don kuskure, saboda haka kada ka bar gurbi ko ɗaya fanko. Wata guda kafin ranar, ka sauke samfurin tambayoyin da ke shafin hukumar, ka rufe ɗaki, ka sa agogo, ka kunna muryar a lasifika maimakon abin kunne, domin haka za ka ji ta a zauren. Sakamakon Disamba yakan fito a intanet wajen ƙarshen Janairu.

JLPT ba ta gwada magana, don haka ana samun mai takarda da ba ya iya haɗa jimla uku a gaban Bajapane. Ba na so ka zama shi. Nemi mutum biyu ko uku masu irin sha'awarka, cikin ɗaliban garin ko abokan unguwa, ku riƙa haɗuwa bayan La'asar sau ɗaya a mako, rabin awa ba Hausa ba Turanci, ko da gaisuwa da tambayar farashi ne kawai. Shawarata gare ka, ƙanena, ka zauna N5 a Disamban da ke gabanka, ko N4 in ka riga ka gama littafi na biyu, kuma daren yau ka fara da sauraro.