DARASI: KATIN BASHI DA MASU KARƁAR BASHI A ƘASAR AMURKA

Masu iya magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Manomi na cin bashin hatsi da bazara, ya biya da kaka. Ma'aikaci na ɗaukar kaya ga mai kanti, ya biya ƙarshen wata. A ƙasar Amurka kuwa, bashin mutane da yawa cikin wani ɗan kati ya ke. Ƴan Nijar da ke neman abinci can su ma suna riƙe da irinshi. Kuɗɗin da ɗa ke aiko ma iyayenshi don sallah ko biki na iya zama daga wannan kati sunka hito. Saboda haka ya kamata na gida su san minene katin bashi, yadda ruwanshi ke ƙaruwa, da abin da doka ta ce game da masu karɓar bashi.

1. MINENE KATIN BASHI?

Katin banki iri biyu ne. Na farko, mutum ya ajiye kuɗɗinshi a banki, shina hidda su da kati. In kuɗɗi sun ƙare, kati ya daina aiki. Yawancin katin da bankunan Nijar ke badawa wannan iri ne.

Na biyu shi ne katin bashi. Mutum ya sayi kaya, banki ya biya mai kanti nan take, sa'an nan banki ya bi mutumen bashi. Banki na yanke ma kowa iyakar abin da zai iya ci. Kowane wata a aiko mashi takardar lissahi. In ya biya duka kamin ranar da anka sa, ba ruwa ko kaɗan. In ya bar saura, ruwa ya fara hawa.

In mutum ya hidda tsabar kuɗɗi da wannan kati, ruwa na fara hawa tun daga ranar, kuma akwai ladan hiddawa. Sau da yawa banki na ɗaukar aike da kuɗɗi ta kati kamar hidda tsaba ne.

2. INA YA SAMO ASALI?

A shekara ta 1950 anka ƙago katin Diners Club a birnin Niyok, don biyan kuɗɗin abinci. A 1958 wani banki mai suna Bank of America ya aika kati wajen 60.000 ga mutanen garin Fresno, cikin jahar Kalifoniya, ba tare da sun roƙa ba. Mutane sunka ci bashi, da yawa sunka kasa biya, banki ya yi hasara babba. Duk da haka aikin bai tsaya ba. Wannan kati ne ya koma Visa a 1976. A 1970 doka ta hana aika kati ga wanda bai nema ba.

A 1978 babban gidan shari'a na ƙasar ya yanke cewa banki zai bi dokar ruwa ta jahar da ya ke zaune, ko da mai katin wata jaha ya ke. Sai bankuna sunka kai aikin katinsu jahohin da ba su ƙayyade ruwa ba, kamar Dakota ta Kudu da Delawa. Wannan na cikin dalilan tsadar ruwan kati. A 2023 ruwan ya wuce kashi 20 cikin 100 a shekara. Cikin wannan shekara kuma bashin kati na ƙasar duka ya haye dalar Amurka miliyar 1.000.

3. YADDA BASHI KE HAIHUWA

A lura: dalar da a ke magana nan ta Amurka ce, ba dala mai tamma biyar ta kasuwar Maradi ba.

A ce mutum ya ci bashin dala 1.000. Ruwa kashi 24 cikin 100 ne a shekara, wato kashi 2 cikin 100 a wata. Ruwan watan farko dala 20 ke nan. Bai sake sayen komi da katin ba.

In shina biyan dala 25 a wata, dala 20 sun tahi ga ruwa, dala 5 kaɗai sunka rage uwar kuɗɗi. Zai yi wata 82 shina biya, wato shekara 6 da wata 10. Abin da ya biya duka ya wuce dala 2.000.

In shina biyan dala 50 a wata, zai gama cikin wata 26. Jimla wajen dala 1.290.

In shina biyan dala 100 a wata, zai gama cikin wata 12. Jimla wajen dala 1.127.

Bashi ɗaya ne, ruwa ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne yawan abin da a ke zubawa kowane wata. Banki na rubuta mahi ƙanƙantar abin da mutum zai iya biya. Wanda ya tsaya ga wannan kaɗai, shi ne ke daɗewa cikin bashi. Tun daga dokar 2009, wadda shugaba Obama ya sa ma hannu, tilas ne takardar wata ta nuna shekarun da mutum zai yi in ƙaramin biya ya ke yi, da abin da zai zuba don ya gama cikin wata 36. Wanda ya iya karatu da lissahi zai gani da idonshi.

4. IN MUTUM YA KASA BIYA

Da farko banki na sa tara ta jinkiri. In jinkiri ya kai kwana 30, a na iya kai sunan mutum ga kampanonin da ke riƙe da tarihin bashin kowa. Manyansu uku ne: Equifax, Experian da TransUnion. Wannan tabo na zama shekara 7. Mai tabo na shan wahala wajen samun gidan haya ko bashin mota.

Bayan wajen kwana 180 banki na rubuta bashin cikin hasararshi. Amma bashi bai mutu ba. Banki na ba wani kampani aikin karɓowa, ko ya saida mashi bashin da arha. Wani bincike na hukumar ciniki ta ƙasar a 2013 ya nuna masu sayen bashi na biyan wajen dala 4 ga kowace dala 100. Sa'an nan su nemi a biya su ɗarin duka. Bashi ɗaya na iya ratsa hannu biyu ko uku. A hanya takardu na ɓacewa, lissahi na rikicewa, har a bi wanda bai ci ba.

5. ABIN DA DOKA TA HANA MAI KARƁAR BASHI

A 1977 majalisar ƙasar ta kafa doka kan kampanonin da ke karɓar bashin wasu. Anka ƙara mata bayani a 2021. Ga manyan abubuwan da ta ce:

Ba a buga ma mutum tarho kamin ƙarhe 8 na sahe, ko bayan ƙarhe 9 na dare.

Kira hiye da 7 cikin kwana 7 kan bashi ɗaya, doka na ɗaukarshi takurawa.

Ba zagi, ba tsoratarwa, ba ƙarya. Mai karɓa ba ya cewa shi ɗan sanda ne ko ma'aikacin gwamnati. Ba ya cewa za a kai mutum gidan kaso, don rashin biyan bashin kati ba laihin ɗauri ba ne.

Ba ya tona asirin mutum ga maƙwabta, ko dangi, ko uban gidanshi na aiki. Shina iya tambayarsu inda mutum ya ke kaɗai.

Cikin kwana 5 da fara magana, tilas ya bada takarda mai nuna yawan bashi da sunan mai shi.

Mutum na da kwana 30 ya rubuta cewa bai yarda ba. In ya rubuta, mai karɓa zai dakata har ya kawo shaida.

In mutum ya rubuta cewa a daina nemanshi, tilas a daina. Amma bashi na nan, kuma a na iya kai ƙara.

Wanda anka karya ma wannan doka na da shekara 1 ya kai ƙara. Alƙali na iya sa a biya shi har dala 1.000, ban da hasarar da ya yi.

Iyaye da ƴan uwa su sani: bashin kati na wanda ya sa hannu ne. Uba ko wa da bai sa hannu ba, ba a binshi. In mai kati ya rasu, daga abin da ya bari a ke biya.

6. HANYAR HITA

Na ɗaya: a daina sayayya da katin. Ba a cika tulu mai huda.

Na biyu: a rubuta kowane bashi, da ruwanshi, da ranar biya. A rubuta abin da ke shigowa a wata da abin da ke hita. Haya da abinci su ne gaba.

Na uku: mai kati da yawa ya zuba ƙaramin biya ga kowane, sauran ƙarhinshi ya sa ga wanda ruwanshi ya hi tsada. In wannan ya ƙare, ya koma ga na biye.

Na huɗu: a nemi banki tun kamin rana ta wuce. Bankuna da yawa na rage ruwa na ɗan lokaci ga wanda ya rasa aiki ko ya kwanta ciwo. Akwai kuma ƙungiyoyin bada shawara waɗanda ba riba su ke nema ba. Suna shirya biya cikin shekara 3 zuwa 5.

Na biyar: kada a ba baƙon murya lambar asusu ta tarho. A nemi takarda tukuna. Akwai mazambata masu shigar masu karɓar bashi. Haka kuma a guji wanda ya ce a biya shi lada tun gaba, shi zai kashe bashin. Tun 2010 an hana masu talla ta tarho karɓar irin wannan lada kamin su yi aiki.

Na shida: mai karɓa na iya yarda da ƙasa da abin da ya ke nema, tun da arha ya saya. In an daidaita, a rubuta, a sa hannu, sa'an nan a biya. A adana resi.

Na bakwai: a yi hankali da tsohon bashi. A jahohi da yawa, bayan shekara 3 zuwa 6 lokacin kai ƙara ya wuce. Amma a wasu jahohi, biyan ko dala 5 na sa a fara ƙirga daga farko.

Na takwas: in sammaci ya zo, a amsa. Wanda ya ƙi zuwa, alƙali na yanke hukunci bayan idonshi. Daga nan a na iya yanke har kashi 25 cikin 100 na albashin da ya ke karɓa bayan an cire haraji. Wasu jahohi, kamar Tekzas, sun hana wannan yanka kan bashin kati.

Na gida ma suna da nasu taimako. In ɗa ya ce wata ya yi mashi tsanani, a yi mashi haƙuri. Rago da anka saya da kuɗɗin kati na iya cin kuɗɗin rago biyu.

7. A NIJAR FA?

Katin bashi bai yaɗu ba, amma bashi da masu binshi suna ko'ina. Nan ma akwai doka. A ƙasashe 8 na Afrika ta yamma masu aiki da sefa, an sa ma ruwa iyaka. A 2014 anka tsaida ita kashi 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusun ajiya da bashi. Wuce iyakar da hukuma ta sa laihi ne.

Wajen karɓar bashi, Nijar na bin dokar OHADA tare da wasu ƙasashe 16. Mai bin bashi ba ya da ikon shiga gida ya kwashi kaya ko ya kora bisashe da hannunshi. Kama kaya aikin wisiye ne, wato ma'aikacin shari'a, kuma sai da takarda. In alƙali ya bada takardar umurnin biya, wanda a ke bi na da ƴan kwanaki ya ce bai yarda ba. Dokar 1998 ta ba shi kwana 15. Gyaran 2023 ya maida su 10. Wanda ya jefa takardar ƙarƙashin tabarma don bai iya karanta ta ba, lokaci zai wuce shi.

Ayar da ta hi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 cikin suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta ke magana. Wanda ya shiga yaƙi da jahilci ya samu hannun yin haka. Kamin ya dangwala yatsa ko ya sa hannu, ya karanta abu huɗu: nawa ya karɓa, nawa ne ruwa, nawa zai biya duka, kuma wace rana.

TAMBAYOYI

1. Minene bambancin katin ajiya da katin bashi?
2. Kwana nawa mutum ke da su a Amurka ya rubuta cewa bai yarda da bashi ba?
3. Don mi mai sayen bashi ke iya yarda da ragi?
4. A Nijar, wa ke da ikon kama kayan wanda a ke bi?

LISSAHI

1. Mutum ya ci bashin jikka 50. Ruwa kashi 2 cikin 100 ne a wata. Nawa ne ruwan watan farko?
2. In shina biyan jikka 3 a wata, nawa ya rage daga uwar kuɗɗi a watan farko?
3. Manomi ya ci tiya 10 ta hatsi da bazara, ya biya tiya 15 da kaka. Kashi nawa cikin 100 anka ƙara mashi?

A yi lissahin cikin kaye, a kai ma malamin aji ya duba.