Maijego da tambayar dashen zuciya

Kwanakin baya aka kawo mana wata maijego daga wani ƙauye kusa da Ɗandume, wata guda da haihuwa. Ƙafafunta sun kumbura, numfashi sama-sama, barci sai a jingine. Da hoto ya nuna zuciyarta ta buɗe ta yi rauni, maigidanta ya ja ni gefe: "Likita, tunda ana dashen ƙoda a Kano, zuciya fa?"

Na ce masa, Malam, ana yi. Dakta Christiaan Barnard ya fara a Cape Town ranar 3 ga Disamba 1967, mara lafiyar ya yi kwana 18 ya rasu. Ana tsaga ƙashin ƙirji, a haɗa mutum da injin da zai riƙe aikin zuciya da huhu, a cire tasa, a ɗinka ta wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu. A da akan bar bayan ɗakunan sama na tsohuwar zuciya a ɗora sabuwa a kai. Yanzu an fi ɗinke manyan jijiyoyi biyu masu dawo da jini kowace daban, don bugun ya fi daidaita. Zuciyar da aka ciro ba ta jure fiye da awa huɗu zuwa shida a cikin sanyi. A yau kusan tara cikin goma suna haura shekara guda, kusan rabi kuma shekara goma sha biyu, da sharaɗin shan maganin hana jiki ƙin baƙuwar zuciya har ƙarshen rai.

Sai dai wannan aiki ya yi mana nisa, ciwon zuciyar masu jego kuwa yana ƙofar gida. Tun shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello suka lura da yawansa a yankin Zariya da Malumfashi, suka danganta shi da kunun kanwa, wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. Gishirin kanwa na tara ruwa a jiki, zafi kuma na ƙara wa zuciya aiki. Hawan jini da ƙarancin abinci mai gina jiki ma suna da hannu.

Iyayenmu mata, idan maijego ta fara haki, kumburi ko tarin dare, kada a ce sanyi ne a ƙara itace a murhu. A dakatar da kanwa, a kai ta asibiti a ranar, kar a jira arba'in. Da yawa zuciyarsu na farfaɗowa da magani idan an zo da wuri, kuma kada a sake ɗaukar ciki sai likita ya duba.

Maijegon nan ta dawo ganin likita da ƙafarta, goye da jaririnta.