In Sayar Da Garmahona In Sayi Injin Fimbol?

Ni malamin firamare ne daga Ɗantutture, a yankin Kafur, kuma ina da sha'awar tara tsofaffin kayan sauti: rediyoyi, rakodoji, da wani garmaho da na gada wajen mahaifina haɗe da fayafayan Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos. Wani dillalin kayan gwanjo a Kano ya turo min hoton injin wasa da ake kira fimbol. Teburi ne mai gilashi a sama, ƙwallon ƙarfe na yawo a ciki, kai kuma kana tare ta da wasu fikafikai biyu. Ya ce yana ɗan kawo wuta, gyaransa kaɗan ne, kuma a Amurka irinsa sai tsada yake ƙarawa. Raina ya biya ƙwarai, amma kuɗina ba za su kai ba sai na sayar da garmahon da fayafayan. Yayana ya ce kayan caca ne, kada in shigar masa da shi gidan gado. Maiɗakina kuma ta ce ɗakin ya riga ya cika. Mece ce shawararka?

M. A., Ɗantutture

Kada ka sayar da garmahon nan. Shata ya rasu a 1999, kuma fayafayansa na asali kullum raguwa suke yi, wani ya fashe, wani rana ta lanƙwasa shi. In suka bar hannunka, da wuya ka sake haɗa irinsu. Injin fimbol kuwa an ƙera shi dubbai. Samfurin The Addams Family na 1992 kaɗai ya haura guda 20,000.

Maganar dillali cewa yana ƙara tsada gaskiya ce, amma a can. Tun da kamfanin Williams ya daina ƙera su a 1999 masu tarawa suka shiga farautar tsofaffin, kuma suna da shagunan kayan gyara da makanikai da kasuwar da za su sake sayarwa. Kai wa zai saya daga hannunka a yankinku? Abu ne mai nauyin fiye da kilo 100, ko kai shi Katsina sai ka ɗauki shatar mota. In za ka saya, ka ɗauka kuɗin sha'awa ne ka kashe, ba jari ka zuba ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan "yana ɗan kawo wuta". Saye a kan hoto cinikin biri a sama ne. Ka je Kano da kanka, da mai gyaran rediyon da ka yarda da shi, a kunna shi a gabanku ka buga wasa cikakke. A buɗe akwatin da ke tsaye a bayansa a duba fanel, wato allon lantarkinsa. Yawancin na shekarun 1980 da 1990 suna da ƙananan batura a jikinsa, in an bar su shekaru sai su zubo ruwa su cinye layukan, za ka ga wani kore-kore ko farin gari a wurin. In ka ga haka, ka haƙura. A ɗaga falankin da ƙwallon ke gudu a kai a leƙa ƙasa: koyil ɗin da ya ƙone takardarsa baƙa take yi, yana kuma ƙauri. Falankin kansa katako ne, in ya sha ruwa a jirgi ko gara ta taɓa shi, da wuya ka samu mai maido maka da zanensa. Robobi da ƙwayayen fitila ana samun madadinsu, gilashin baya mai zane kuwa wuyar samu gare shi.

Sai batun wuta. Wanda aka yi don Amurka bolt 120 yake ɗauka, tamu kuwa 230 ce. A tabbatar an juya taransfomar kafin a jona shi, kuma kada ka haɗa shi da ƙaramin janareta ba sitabilaiza. Ƙurar hunturu ma sai ka riƙa rufe shi da mayafi, don in ta shiga tana kankare fentin falankin.

Yayanka ba daga sama ya tsinto maganarsa ba. Na farkon ba su da fikafikai, sa'a kawai ake gwadawa, har ana biyan wanda ya ci. Shi ya sa birnin New York ya haramta su a 1942, ba a ɗage ba sai 1976, bayan wani gwani, Roger Sharpe, ya buga a gaban majalisar birnin ya nuna cewa iyawa ce. Fikafikan sun shigo tun 1947. A gida ana saita shi ya yi aiki ba tare da jefa kwabo ba, ba kuma a sa kuɗi a kan wasa. Ka yi masa wannan bayani cikin ladabi, in ya so ku tambayi malamin da kuka aminta da shi. In ya tsaya a kan bakansa, gidan na ku duka ne, ka bi shi.

Ita ma uwargida tana da haƙƙi, don teburin ya kusa cin wurin ƙaramin gado. In kun daidaita, ka fitar da rakodojin da kake da biyu-biyu ka sayar, ka yi adashi don cikon kuɗin, ka ce wa dillalin sai ka gani da idonka za a yi ciniki.